Farar Saniyar Inna da Man Jarka

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa sayar da dabba mace ba sai da na sa ta. Na daɗe ina zagaye wannan magana, yau dai gara in faɗe ta tun daga farko in huta.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Getso, kuma tun da na yi wayo ƙanshin suyar gyaɗa nake ji a cikinsa. Sana'ar Inna ke nan, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ranar kasuwa ta sayo gyaɗa daidai ta mako guda, ta soya a kasko, ta murje, ta sheƙe, a kai inji a markaɗo. Sannan ta zuba a turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, ta matse tunkuza, ta mulmula ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa sayen gyaɗar da ta wuce ta mako ba. In an ce mata ta tara da kaka lokacin da take araha, sai ta ce ita ba ta san abin da gobe za ta zo da shi ba, wanda ya sani ya tara.

Bayan rasuwar Baba, lokacin da gwamnatin soja ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, wannan turmin ne ya riƙe gidan. Ni a lokacin na gama makarantar horon malamai, ina koyarwa a wata firamare ta wajen Gammo, ina zaune a Kabo da iyalina. Sunan dai ina da albashi. Kafin wata ya raba tsakiya ya ƙare, kuma ba kunya ba tsoron Allah duk ranar Asabar in hau keke in je gaida Inna, in dawo da kwalbar mai da ƙullin ƙuli-ƙuli a bayan keke. Ita ce take cewa, "Malam ya zo karɓar albashinsa na biyu."

Banda turmi, abin da Inna ta mallaka a duniya shi ne farar saniya. Jikar jikar wadda mahaifiyarta ta bar mata ce. Da safe ta bi garken gari wajen Bafulatanin da yake mana kiwo, da yamma ta dawo turkenta a bayan ɗakin Inna, inda harawa da dusa suke jiranta. In ta haifi namiji, a yi kiwonsa ya girma a sayar, da shi aka yi min kuɗin makaranta, da shi aka yi rufin kwano. In ta haifi mace, ba mai taɓa ta. Dokar Inna ce, kuma ta gaje ta ne: ana sayar da ɗa, ba a sayar da uwa. Wata annoba da aka yi ta kwashe sauran matan, aka bar ta da wannan guda ɗaya, don haka ta ɗauki son duniya ta ɗora mata. Hira take yi da ita kamar mutum, har tana kai mata ƙarata.

Abin da ya fara girgiza sana'ar Inna shi ne man jarka. Wani mai ne da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje cikin rawayen jarkoki, ba ƙanshi ba ɗanɗano, amma ga araha. Masu tuyar ƙosai da masu shayi suka koma masa. Inna takan dawo daga kasuwa da rabin kwalabenta a cike.

Sai aka koma mulkin farar hula. Wanda bai ga wannan lokacin ba ba zai gane irin zumuɗin da muka yi ba. Ga zaɓaɓɓu sun rantse da Alƙur'ani a gaban kowa, ga shi ba a jima ba aka fara maganar Shari'a, duk inda ka juya wa'azin amana ake yi. Har kasuwa ake shiga ana duba mudu da sikeli. Na ga ranar da aka ɗaga kwalbar Inna aka duba gindinta ko an lotsa ko an yi wata dabara, aka ce ta cika, Allah ya yi albarka. Ta yi mako tana ba da labari. Ni kuwa na sakankance cewa an shiga zamanin da kowa za a duba mudunsa, babba da yaro.

Ana cikin haka rediyo ta ce gwamnatin tarayya ta ɗora haraji mai nauyi a kan man girkin da ake shigowa da shi, wai don a kare manoma da masu sana'a na gida. Kafin wata biyu man jarka ya yi tsada ya ɓace. Masu ƙosai suka dawo suna sallama a ƙofar gidanmu tun kafin mai ya huce. Wani mai shago daga Gwarzo ya aiko cewa duk abin da Inna ta matse shi zai kwashe. Abin da ya rage mata kawai ƙarfi: gyaɗar mako guda ba ta isa, kuma layin injin markaɗe yakan cinye mata rabin yini.

A nan ne ni mai ilimi na shigo. Lissafina shi ne a sayi buhunan gyaɗa da kaka na shekara guda, a sayi ƙaramin injin markaɗe a kafa a zaure. Jarin da zai yi wannan kuwa yana ɗaure a turke yana tuƙa.

Ban tunkari Inna kai tsaye ba, sai da na nemi tabbaci. Akwai wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare, gadonsa yana saman nawa, mun sha gari da ƙuli-ƙulin Inna a kwano ɗaya ba sau ɗaya ba. Ba ɗan yankinmu ba ne, can wata mazaɓa ta zaɓe shi ya tafi majalisar tarayya, kuma na ji an ce yana cikin kwamitin da ke sa ido a kan harajin kayan da ake shigowa da su. Allah ya kawo shi Kabo ta'aziyyar wani malaminmu. Bayan an shafa fatiha na matsa kusa da tabarmarsa, muka gaisa, ya tambayi Inna da kansa, har ya ce yana kewar ƙuli-ƙulinta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan harajin da aka sa wa man waje, mai ɗorewa ne, ko gobe za mu ji an cire?"

Ya gyara babbar riga, ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji. Ya ce, "Haba Malam, kai da kake koyar da yara? Ai an wuce zamanin da mutum ɗaya zai tashi da safe ya yi yadda ya ga dama. Yanzu ba abin da za a ƙara ko a rage sai ya biyo ta teburinmu. Muna nan a kwamiti, ido buɗe. Ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta."

Dattawan da ke wurin suka yi ta gyaɗa kai suna Allah ya taimaka. Ni ma abin da ke cikin littafin da nake koyar da 'yan aji shida ke nan: majalisa ce mai yin doka, ita ke riƙe da linzamin haraji, shugaba aiwatarwa kawai yake yi. Na sha zana shi a allo da alli, akwati uku da kibiyoyi. Ga littafi ya faɗa, ga mai kujera ya faɗa a gaban shaidu, a gidan mutuwa ma inda ba a wasa. Me kuma ya rage?

Ranar Asabar na sami Inna tana sheƙe gyaɗa a tsakar gida. Na zauna a kan turmin da aka kifa na zayyana mata komai. Ta bar ni na gama, ba ta daina aikinta ba.

Ta ce, "Shi wanda ya sa harajin nan, waye?"

Na ce, "Shugaban ƙasa."

"To in ya ga dama ya cire, wa zai riƙe masa hannu?"

Na ce, "Majalisa, Inna. Mutanen da muka zaɓa. Ba zai iya ba sai da yardarsu."

Ta ɗago ta dube ni. "Kai ka taɓa ganin sun riƙe masa hannun?"

Raina ya ɓaci, domin ni mutum ne mai saurin hawa, kuma ba abin da ke tunzura ni irin a nuna min karatuna bai isa ba. Na ce mata ai duniya ta ci gaba, ba zamanin da ba ne. Na ce abokina da ta sani, wanda ya ci abincinta, shi da bakinsa ya ce ta kwantar da hankalinta. Na ce saniya ɗaya ce, in Allah ya yarda kafin shekara ta zagayo za mu sayi biyu. Asabar uku ina zuwa da wannan waƙa. A ta ukun ta ce, "To, kai ne ka yi boko. Amma ni ba zan tsaya in ga an kwance ta ba." Ranar da zan tafi da saniyar, tun da sassafe Inna ta tafi gidan ƙanwarta ta yini a can.

Ni na ja igiyar zuwa kasuwar Getso. Dillali ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa cikinta, ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Irin wannan ai ba a kawo ta kasuwa." Na ce masa ya yi aikinsa. Wani manomi daga wajen Gammo ya saye ta, bai ko tsaya dogon ciniki ba.

Aka jibge buhunan gyaɗa a ɗakin Baba har kusa da rufi. Aka kafa inji a zaure. Wata uku abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Matan unguwa bakwai suna aiki tare da Inna, wasu ma suka yi koyi da mu suka sayar da awakinsu suka tara gyaɗa, tunda ɗan Inna malamin makaranta ne, ya san abin da gwamnati ke ciki. Ni kuwa in na zo ranar Asabar sai in tsaya a zaure hannu a baya kamar wani manaja.

Wata Asabar na biyo ta Gwarzo, sai na ga babbar mota a bakin kasuwa ana sauke rawayen jarkoki. Na ce a raina na sumoga ne, za a kama. Mako na gaba motoci biyu na gani. Mai shagon da ya ce zai kwashe duk man Inna ya aiko cewa a dakata tukuna. Sai daga baya na ji a rediyo, cikin labaran da ake karantawa a gurguje kafin sanarwar rasuwa, cewa an sassauta harajin, kuma an yafe wa wasu manyan 'yan kasuwa shi gaba ɗaya. Na kasa kunne ko zan ji an ce majalisa ta zauna, ko ta yi muhawara, ko wani ya miƙe ya ce bai yarda ba. Ban ji ba.

Farashin mai ya faɗi ƙasa da kuɗin gyaɗar da aka matse shi da ita. In Inna ta matsa ta yi asara, in ta bari ƙwari su shiga buhu. Damina ta matso, ɗakin Baba ya fara wani wari. Matan da suka sayar da awakinsu kuwa, gaisuwar da suke min ta gajarce. Ban ga laifinsu ba, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na ce kuskure ne aka yi a bayan idon majalisa, da sun ji za su tashi tsaye. Na zauna na rubuta takardar koke, shafi biyu, da Turancin da na fi ji da shi. Na bi gida-gida ina karanta wa matan da Hausa suna dangwala hannu. Nan ma sai da aka sha fama, domin yatsun da suka shekara talatin a cikin mai ba sa kama tawada. Sai an wanke da toka an goge, sannan zanen ya fito. Inna ce ta ƙarshe. Ta dangwala, ta duba babban yatsanta, ta ce, "Allah ya sa su iya karanta wannan."

Ana saura kwanaki a fara azumi na ji abokina ya zo gidansa na Kano. Na shiga mota na tafi. Tun hantsi nake zaune a rumfar ƙofar gida cikin masu neman aiki da masu neman kujerar Makka, sai bayan la'asar aka ce in shiga. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya duba shafin farko, ya juya ya ga dangwalen, ya ɗan yi murmushi ya ajiye ta a hannun kujera.

Ya ce, "Malam, wallahi na tausaya. Amma ka san wannan abin sakula ce kawai, takardar umarni daga sama. Akwai wata tsohuwar doka tun ta lokacin soja da ta ba shugaba dama ya ƙara ko ya rage yadda ya ga ya dace. Mu ma a rediyo muka ji, kamar ku."

Na ji kamar ban ji daidai ba. Na ce, "Tsohuwar doka? Wato ranar da muka haɗu a Kabo tana nan?"

"Tana nan mana."

"Kuma ka san da ita?"

Ya yi dariya, irin dariyar da muke yi a ɗakin kwana in an kama mutum ya saci sukari. Ya ce, "To Malam, a gaban jama'a, a wurin ta'aziyya, me kake so in ce? In ce ba mu da iko? Ai sai a raina kujerar. Ban zaci da gaske za ka ɗauka har ka yi wani abu a kai ba."

Na ce, "Inna ta sayar da saniyarta."

Ya ce, "Subhanallahi." Na yarda har ransa ya ji. Sai na ce to yanzu tunda dokar ce matsala, ai su ne masu gyara doka. Ya miƙe a zauren majalisa ya karanta takardar nan, ko ba a yi komai ba a san an faɗa. Ya sunkuyo ya rage murya. Ya ce in fahimta, lokaci ne mai wuya, zaɓe na matsowa, wanda duk ya kawo irin wannan ƙudurin a majalisa za a ce yana yaƙar shugaba ne, kuma wasu daga cikin waɗanda aka yafe wa harajin su ne ke riƙe da jam'iyya. Ya ce amma za su duba a kwamiti. Yana faɗin haka ya ɗora kofin lemonsa a kan takardar, na ga zoben ruwa yana faɗaɗa a kan dangwalen matan.

Ban zage shi ba, kuma har yau ina mamakin kaina. Da ya ce min tun a Kabo, a kunne, "Malam, kada ka dogara da mu," da ya gama min komai a duniya. Kalma shida. Ya zaɓi girman rigarsa a gaban dattawa a kan tsohuwar da ta ciyar da shi. Shugaban da ya sa hannu bai san Inna ba, ban taɓa cin abinci da shi ba. Wannan kuwa ya san ɗanɗanon ƙuli-ƙulinta.

Na fito ina neman takalmina sai direbansa ya biyo ni, ya ce Onarabul ya ce a ba ni kayan azumi in kai wa Hajiya Inna. Ƙaramin buhun shinkafa ne, da rawayar jarka ta man waje, sabuwa fil da hatiminta. Na tsaya ina kallonta. A tarbiyyarmu ba a mai da kyautar babba, kuma ga mutane cike da rumfa suna kallo suna cewa in gode Allah. Na karɓa. Na ɗauki jarkar har tasha tana bugun ƙafata. A can na ajiye wa wata mai tuyar ƙosai na ce sadaka, ta yi ta sa min albarka ina sauri in bar wurin.

Da na isa gida washegari, Inna tana zaune a ƙofar ɗakin Baba tana tsince gyaɗar da ƙwari ba su ci ba. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi mutanen Kano, ta tambayi hanya. Sannan ta ce, "Me majalisar ta ce?"

Na yi niyyar in ce suna dubawa. Na kasa. Na ce, "Inna, ba za su iya riƙe masa hannu ba. Ba su ma gwada ba."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsinta. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

An sayar da injin a wulaƙance, gyaɗar da ta lalace aka ba masu kaji. Inna ta koma sayen ta mako-mako, kwalabe kaɗan, don tsofaffin da har yanzu ba sa iya cin miya da man jarka. Turken dai ta hana a cire shi. Ni kuma da na zo darasin nan a aji shida, na zana akwatunan uku a allo kamar kullum, na ɗauki alli zan ja kibiyar da ta tashi daga majalisa zuwa shugaba, sai na ce wa yara su buɗe littafi su kwafa da kansu.

Abin da ban lissafa ba shi ne hanyar makaranta. Gonar mutumin da ya sayi saniyar tana bakin hanyar da nake bi kullum, kuma a nan yake ɗaure dabbobinsa da rani. Kowace safiya sai na gan ta. Na yi kuskure sau ɗaya na faɗa wa Inna, shi ke nan, duk Asabar bayan gaisuwa sai ta ce, "Ka gan ta? Ta yi ƙiba? Yana ba ta harawa kuwa?" Na sha yin niyyar zuwa in roƙi mutumin ya sayar min da ita, amma albashin malamin firamare ko ƙafarta ba zai saya ba, kuma shi ma ba wawa ba ne.

A shekara ta biyu Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Wata Asabar na same ta a kan tabarma, ƙanwarta tana mata fifita. Na durƙusa na gaishe ta, ta daɗe kafin ta gane ni. Da ta gane, ta ce, "Ta haihu?"

Na ce, "Ta haihu, Inna. Shekaranjiya na gani."

"Me ta samu?"

"Mace ce. Fara, kamar uwarta."

Ta lumshe ido, na zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta laluba ta kama hannuna ta ce, "In ka bi ta wurin, ka tsaya ka gaishe shi. Ka ce masa in ji ni, ko wa ya zo masa da magana, kada ya sayar."

Ranar Litinin na tsayar da keke a bakin gonar, na yi sallama, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Mutumin ya dube ni da mamaki ya ce, "Haba Malam, wa yake sayar da uwa?"